Gemu Ba Ya Hana Ilimi: Darasi Daga Maginiyar Tukwane ta Suleja

Nassin karatu: Irmiya 18:1-6, Fitowa 35:30-35, Ayyukan Manzanni 18:24-28, 2 Timoti 4:13

Ayar haddacewa: Karin Magana 9:9

Manufa: Mu gane cewa neman sani aiki ne da Allah ya ɗora wa mai bi har ƙarshen ransa, mu kuma ga abin da ya wajaba a gyara a makarantunmu, da rabon da ya hau kan iyali da ikkilisiya a cikin wannan gyara.

GABATARWA

'Yan'uwa cikin Almasihu, a yawancin gidajenmu kalmar ilimi ta koma tana nufin abu guda, wato takardar shaida. Uba zai sayar da gona, uwa ta shiga adashi biyu ko uku, domin yaro ya kai ga wannan takarda. Ranar da ya karɓo ta a yi godiya a sujada, a ɗauki hoto, daga nan kuma a rufe littafi. Iyayen da suka sha wannan ɗawainiya su ma sun riga sun yanke wa kansu hukunci cewa lokacin koyonsu ya wuce. Ta haka muka sami matasa masu takarda ba sana'a, da dattawa masu sana'a waɗanda ke jin kunyar cewa ba su iya karatu ba.

A wannan darasi za mu duba labarin wata mace da ta yi aiki a garin Suleja, mu auna shi da Maganar Allah, sa'an nan mu dubi halin da ilimi yake ciki a ƙasarmu.

1. MACEN DA KE BAYAN NAIRA ASHIRIN

Wanda ya juya takardar naira 20 da aka fitar a 2007 zai ga hoton wata mace tana gina tukunya. Sunanta Ladi Kwali. An haife ta wajen 1925 a Kwali, a ƙasar Gbagyi, inda ginin tukwane sana'ar mata ce tun kaka da kakanni. Ba ta shiga makarantar boko ba. A hannun 'yar'uwar iyayenta ta koyi gini tun tana yarinya: a kwaɓa yumɓu, a murza shi, a yi ta ɗorawa ana zagayawa har randa ta tashi. Takan zana kunama da ƙadangare da kada da hawainiya da kifi a jikin tukwanenta, har aikinta ya yi suna a yankin.

Garin da muke kira Suleja a yau shi ne Abuja ta asali, wadda Abu Ja, daga zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau, ya kafa a 1828. Bayan an zaɓi wannan yanki ya zama babban birnin tarayya a 1976 ne aka ba sabon birnin sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wannan sarki, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin sarauta. Duk da iliminsa na zamani bai raina aikin hannu ba. Ya tara tukwanen Ladi a fadarsa, kuma a can ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su. Cardew ya buɗe makarantar koyon ginin tukwane a garin a 1952, kuma a 1954 Ladi ta zama mace ta farko da ta shiga, tana da kimanin shekara 30.

A lura da wannan: ta riga ta zama gwana kafin ta shiga. Da ta ga dama sai ta ce ba abin da wani zai ƙara mata. Amma ta zauna ta koyi gini a kan faifai mai juyawa, ta koyi shafa ruwan da ke sa tukunya ƙyalli, ta koyi gashi a tanda mai tsananin zafi. Ba ta kuwa yar da abin da ta gada ba. Ta ci gaba da gina randunanta da hannu, da zanen gida, ana gasa su ta sabuwar hanya. Malaminta ma ya koya daga wurinta. An nuna aikinta a Landan a 1958, ta zagaya Amurka tana nuna gini a 1972. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, a 1980 kuma ta karɓi lambar yabo ta ƙasa wadda ake ba manyan masana da masu fasaha. Ta rasu a Minna a 1984. Wasu mata sun bi sawunta zuwa makarantar, daga baya kuma aka sa wa wurin sunanta.

Abu uku suka haɗu a labarin nan. Akwai gida da ya koya wa yarinya sana'a tun da wuri. Akwai shugaba mai ilimi wanda ya ga darajar abin da talaka ya sani. Akwai kuma makarantar da ta buɗe ƙofa ga babbar mace ba tare da ta tambaye ta takardar firamare ba. Sai mu tambayi kanmu: da Ladi za ta zo yau, wace makaranta ce za ta karɓe ta?

2. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYAR

(a) Gwanintar hannu baiwa ce daga Allah. A Fitowa 35 mun ga Bezalel, wanda Allah ya cika da Ruhunsa domin aikin zinariya da azurfa da sassaƙar dutse da itace. Aya ta 34 ta ƙara da cewa Allah ya ba shi, shi da Oholiyab, iyawar koya wa waɗansu. Ubangijinmu da kansa an san shi a Nazarat da aikin sassaƙa (Markus 6:3), Bulus kuma, duk da karatun da ya yi a gaban Gamaliyel, yana ɗinkin tanti yana ci da kansa (Ayyukan Manzanni 18:3). Kirista ba shi da dalilin ɗaukaka mai alƙalami ya ƙasƙantar da mai guduma.

(b) Masani ba ya wuce gyara. Afolos mutumin Iskandariya ne, mai iya magana, masanin Littattafai. Duk da haka saninsa bai cika ba, gama baftismar Yahaya kaɗai ya sani. Bilkisu da Akila, masu ɗinkin tanti, suka ja shi gefe suka ƙara fahimtar da shi. Bai ce su wane ne su ba. Ya saurara, aikinsa kuwa ya ƙara albarka a Akaya. Haka Musa, wanda ya sami dukan ilimin Masar (Ayyukan Manzanni 7:22), ya karɓi shawarar surukinsa Yetro a kan tsarin shari'a bayan ya haura shekara 80 (Fitowa 18).

(c) Tsufa ba ya rufe littafi. Wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti ta fito daga kurkuku, Bulus kuwa ya san ƙarshensa ya kusa. A cikin wannan hali ya roƙi Timoti ya kawo masa mayafinsa da littattafansa, musamman fatun nan masu rubutu. Mutumin da ya rubuta wasiƙu masu yawa na Sabon Alkawari yana neman abin karantawa a bakin mutuwa. Wane ne a cikinmu zai ce ya gama?

(d) Allah yakan sāke ginin da ya lalace. Ubangiji ya aiki Irmiya gidan maginin tukwane. Tukunyar da ake ginawa ta lalace a hannun maginin, sai ya mai da ita wata tukunya yadda ya ga dama. Saƙon yana kan Isra'ila ne da ikon Allah a bisa al'ummai, kuma kira ne zuwa ga tuba. Amma akwai abin da duk maginiya ta sani: yumɓu mai danshi ne ake sākewa. Tukunyar da aka riga aka gasa, in an matsa mata sai ta fashe, kamar yadda sura ta 19 ta nuna. Zuciyar da ta daina karɓar koyarwa ta bushe ke nan. Haka ma al'ummar da ta ga tsarinta ya lalace ta ƙi gyarawa.

3. GADON DA MUKA SAMU

Ikkilisiya a Arewa ta tashi ne a ajin karatu na manya. A tashoshin mishan irin su Wushishi da Paiko da Diko, da sauran wurare, manomi yakan dawo daga gona ya zauna gaban fitila yana haɗa baƙi da wasali, domin ya karanta Maganar Allah da idonsa. Da aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa a 1932, ya zama littafin karatu na kabilu da yawa waɗanda Hausa ba harshen uwarsu ba ne. A wurare da dama mai neman baftisma sai ya koyi karatu. Iyayenmu mata da yawa a Zumuntar Mata suka fara riƙe fensir. Daga waɗannan azuzuwa ne masu bishara da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti na farko suka fito.

Gwamnati ma ta yi nata. A shekarun 1950 Jihar Arewa ta yi gangamin Yaƙi da Jahilci har ƙauyuka. A 1980 Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya wadda aikinta ya jawo yabon UNESCO. A 1990 gwamnatin tarayya ta kafa hukumar ilimin manya ta ƙasa. Jami'ar karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983 aka dakatar a 1984, an farfaɗo da ita a farkon shekarun 2000. Ashe koyo bayan girma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Mu ne muka saki abin da yake hannunmu. Ikkilisiyoyi nawa ne a yau suke da ajin koyon karatu na manya?

4. INDA TSARIN YA TSAGE

Ƙasar nan ba ta rasa kyawawan manufofi ba. A 1976 aka fara shirin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika makarantu fiye da yadda aka yi tsammani, aka ɗauki malamai cikin gaggawa ba isasshen horo. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, wanda nufinsa shi ne yaro ya taɓa aikin katako da ƙarfe da lantarki a ƙaramar sakandare, domin wanda bai ci gaba ba ya fita da sana'a. An shigo da injuna daga ƙasashen waje, amma a makarantu da yawa suka ruɓe a cikin akwatunansu, don ba wuta, ba ɗakin aiki, ba malamin da ya san su. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, dokar 2004 kuma ta ce karatun shekara 9 kyauta ne, wajibi ne. Dokar ta ware kuɗi daga asusun tarayya, da sharaɗin jiha ta kawo nata kason kafin ta karɓa. Shekara da shekaru jihohi da dama suna barin kuɗin a ajiye saboda ba su kawo nasu ba. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa kimanin miliyan 20 a Nijeriya ba sa makaranta.

Ga wurare biyar da suke bukatar gyara.

Na farko, malami. Ba tsarin da zai wuce malamin da ke tsaye a gaban allo. Muddin albashinsa bai isa ba, ko bai zo a kan kari ba, masu hazaƙa za su guji aikin. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata 8 a rufe saboda yajin aikin malamai. Wannan magana ta shafi makarantun ikkilisiya ma. In muna karɓar kuɗin makaranta muna jinkirta haƙƙin malami, Yakubu 5:4 yana magana da mu.

Na biyu, harshen koyarwa. Yaron da ya zo daga gidan da ake Gbagyi ko Hausa ko Nufanci, aka fara masa lissafi da Turanci a ranar farko, kaya biyu aka ɗora masa lokaci guda. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife tun daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da harshen Yarabanci a firamare sun yi kyau, har a darasin Turanci. A 2022 gwamnati ta amince a koyar da harshen gida a dukan firamare, a 2025 kuma aka soke wannan manufa. Irin wannan kai da kawowa yaro ne yake biyan kuɗinta. Mu da muka sami bangaskiya ta wurin Littafin da aka juya zuwa harshen da muke ji, mun san amfanin fara koyo da abin da mutum ya fahimta.

Na uku, jarrabawa. Hedikwatar NECO tana nan Minna, a jiharmu. Amma jarrabawa ma'auni ce kawai, kuma mudun da aka lotsa ba ya faɗin gaskiya. Akwai iyaye Kirista da suke biyan kuɗi a kai 'ya'yansu wuraren da ake rubuta musu amsa a allo, sa'an nan su kawo baikon godiya. Karin Magana 11:1 ta nuna yadda Allah yake ƙyamar ma'aunin algus. Yaron da aka saya wa sakamako an koya masa cewa gaskiya ba ta biya, kuma wata rana shi ne zai yi wa wani allura ko ya gina gadar da za mu bi.

Na huɗu, darajar sana'a. A Suleja akwai makarantar tarayya ta yara masu hazaƙa ta musamman, abin alfahari ne kuwa. Amma hazaƙa ba a aji kaɗai take ba. Ku zaga garejojin Suleja da Madalla, da shagunan kafintoci da masu walda da teloli, za ku ga yaran da suke gane ciwon inji da kunne. Tsarin da ya dace shi ne wanda zai gwada abin da irin waɗannan suka iya, ya ba su shaida, ya kuma buɗe musu hanyar ƙarin karatu, kamar yadda aka yi wa Ladi Kwali. Ɗalibin sakandare kuma ya fita da abin yi a hannunsa.

Na biyar, tsaro. A Fabrairu 2021 aka sace ɗalibai a makarantar kimiyya ta Kagara, a watan Mayu na shekarar aka kwashe yaran Islamiyya a Tegina, a Nuwamba 2025 kuma aka sace ɗaruruwan yara da malamansu a makarantar Katolika ta Papiri. Masu wannan aiki ba su bambanta ɗan Kirista da ɗan Musulmi ba. Duk lokacin da aka rufe makarantu saboda tsoro, akwai yaran da ba sa komawa, musamman 'yan mata. Kāre makaranta haƙƙi ne a kan hukuma, neman a yi shi kuma haƙƙi ne a kanmu duka.

5. RABONMU

Ba daidai ba ne mu zuba wa gwamnati ido mu naɗe hannu. Ga abin da za mu iya farawa a wannan zango.

A gida: Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora koyarwa a kan iyaye, a zaune da tafe, da dare da safe. Timoti ya fara sanin Littattafai ta wurin kakarsa da mahaifiyarsa Afiniki. Da yawa daga mazauna Suleja suna fita tun asuba zuwa aiki a Abuja, ba sa dawowa sai dare. Duk da haka a sami minti 20 na sujadar iyali, a ba yaro Littafi ya karanta da ƙarfi, a tambaye shi abin da ya gane. Da haka uba zai san ko ɗansa na aji huɗu ya iya karatu, ba sai ya jira katin sakamako ba. A lokacin hutu kuma a kai yaro wurin mai sana'a amintacce, mace ko namiji.

Ga manya: kowa ya zaɓi abu guda da zai koya a bana. Wadda ba ta iya karatu ba ta fara. Mai Hausa ya ƙara Turanci, mai Turanci ya koyi karanta harshen iyayensa. 'Yar kasuwa ta koyi rubuta shiga da fita, da yadda za ta tsare lambar sirrinta ta banki daga 'yan damfara. Dattijo ya zauna jikansa ya nuna masa waya, shi kuma ya nuna wa jikan gona da tarihin gidansu. Tambaya ba ta rage girma.

A ikkilisiya: gine-ginenmu suna rufe yawancin ranakun mako, a kujerunmu kuma akwai malamai da ma'aikatan da suka yi ritaya. A haɗa biyun nan a buɗe ajin yamma, sau biyu a mako, ga duk mai so a unguwa, Kirista ko Musulmi. A nemi 'yan matan da suka bar makaranta saboda ciki ko aure ko rashin kuɗi, a mai da su ba tare da gori ba. Ranar da ake yi wa masu digiri addu'a, a kira wanda aka yaye daga koyon ɗinki ko kanikanci ya tsaya tare da su. Fastoci da dattawa su ma su ci gaba da karatu, gama rijiyar da ba ta tsattsafowa ƙafewa take yi.

A gari: mu halarci taron iyaye da malamai. Mu shiga kwamitin kula da makarantar gwamnati ta unguwarmu, ko da 'ya'yanmu suna makarantar kuɗi, domin 'ya'yan gwauraye da marayun ikkilisiya a can suke. Mai neman ƙuri'armu kuma mu tambaye shi ko jiha ta biya kasonta na UBE, da ranar da malamai suka karɓi albashi.

KAMMALAWA

Sunan da aka fi kiran mabiyan Yesu da shi a Linjila shi ne almajirai, wato masu koyo. Ba a yaye almajirin Almasihu a wannan duniya. Wanda ya karɓi wannan suna ya yarda ke nan a ci gaba da gyara shi, ya kuma ɗauki nauyin buɗe wa na bayansa ƙofa. Bari kowane gida ya tashi daga wannan darasi da shawara guda da zai aikata kafin fitowa ta gaba.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me ya sa Afolos ya yarda masu ɗinkin tanti su gyara shi? Mene ne yake hana mu karɓar gyara daga na ƙasa da mu?

2. A gidanku, yaya kuke magana a kan yaron da ya fi son sana'a da karatun aji? Yaya Fitowa 35:30-35 za ta sāke wannan magana?

3. In makarantar ɗanka ta nemi kuɗin “taimako” a lokacin jarrabawa, me za ka yi? Yaya ikkilisiya za ta tsaya tare da iyayen da suka ƙi?

4. Mutum nawa ne a ikkilisiyarku ba sa iya karanta Littafi Mai Tsarki da kansu? Wa zai koya musu, a wace rana?

ABUBUWAN ADDU'A

Mu gode wa Allah domin waɗanda suka koya mana karatu da sana'a. Mu yi addu'a domin malamai, da yaran da tsoro ko talauci ya raba da makaranta, da iyalan da aka taɓa sace musu 'ya'ya. Mu roƙa wa shugabannin Jihar Neja da na tarayya hikima da riƙon amana. Mu roƙi Ubangiji ya ba mu zuciya mai karɓar koyarwa dukan kwanakinmu, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.